HALIN MATASA MASU GUDU DAGA GIDA

Gabatarwa

Ranar rufe makaranta rana ce ta murna. Akwatuna sun fito, motoci suna jira a bakin ƙofa, kowa yana ɗokin ganin gida. Amma mu malamai da muka daɗe a wannan aiki mun koyi duban fuskokin yara sa'ad da ake raba takardun sakamako, domin ba kowa ne yake murnar komawa gida ba.

Shekaru da dama da suka wuce, a wata makarantar da muka koyar, wani yaro ɗan aji uku ya karɓi takardarsa, ya yi mana sallama, ya shiga mota tare da 'yan'uwansa. Bai isa gida ba. Yaro ne mai ladabi, mai shiru, sunansa bai taɓa shiga littafin horo ba. Bayan kwana tara wani direba da ya san iyayensa ya gan shi a tashar mota ta wani gari yana dako. Da aka dawo da shi muka tambaye shi dalili, sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Malam, Baba ne ya ce idan na sake kawo masa irin wannan sakamako kada in tako ƙofar gidansa." Shi kuwa mahaifin, da hawaye a idonsa, ya ce, "Ai tsorata shi kawai na yi."

Tun daga ran nan muke tambayar kanmu: yara da yawa suna jin irin wannan magana su shanye ta, me ya sa wannan ya ɗauke ta ya bar gida? A cikin wannan nazari za mu duba abin da masana halayyar ɗan Adam suka gano game da matasa masu gudu, da irin halin da ya fi bayyana a gare su, da abin da ya rataya a wuyanmu, iyaye da malamai da ɗalibai.

Wane ne mai gudu?

Masana sukan kira yaro mai gudu idan bai kai shekara 18 ba, ya bar gida ko wurin da ake riƙonsa ba da izini ba, har ya kwana a waje. Ana iya kasa su gida uku. Na farko su ne masu guje wa wani abu: duka, zagi, yunwa, auren dole, ko tsoron hukunci. Na biyu su ne masu bin wani abu: aboki, saurayi, ko alkawarin aiki a birni. Na uku su ne waɗanda aka kora, ko da baki ko da irin zaman da aka yi da su har suka gane ba a bukatarsu.

Mu da muka tashi cikin ikilisiya, da zarar an ce yaro ya bar gida sai tunaninmu ya tafi ga ɗan nan na Luka sura 15, wanda ya karɓi rabonsa ya tafi neman jin daɗi. Mukan manta da Hajaratu a Farawa sura 16, wadda wulaƙancin uwargijiyarta ne ya fitar da ita zuwa jeji. Binciken masana ya nuna masu irin gudun Hajaratu suna da yawa ƙwarai.

A ƙasar Amurka, wani babban bincike da Ma'aikatar Shari'a ta ɗauki nauyinsa ya ƙiyasta cewa a shekarar 1999 yara wajen 1,682,900 ne suka gudu ko aka kore su daga gida. Kusan biyu bisa uku 'yan shekara 15 zuwa 17 ne, maza da mata kuwa yawansu ɗaya. Kashi 77 cikin ɗari ba su cika mako guda a waje ba. Kashi 21 cikin ɗari an ci zarafinsu a gida, ko kuma suna tsoron za a ci zarafinsu idan sun koma. A Birtaniya ma, a wannan shekara ta 1999, ƙungiyar kula da yara mai suna Children's Society ta gano cewa yaro ɗaya cikin tara yakan gudu ya kwana a waje kafin ya cika shekara 16, kuma yaran da ke zaune da mijin uwa ko matar uba sun fi sauran gudu.

Abu biyu muka koya daga waɗannan lissafi. Gudu ba na 'yan iska kaɗai ba ne, yana iya faruwa a kowane gida. Kuma yawancin masu gudu ba su yi niyyar tafiya har abada ba.

Yadda masana suka sake tunani

An daɗe ana ɗora laifin gudu a kan mai gudu shi kaɗai. A shekarar 1851 wani likita a jihar Luwiziyana ta Amurka mai suna Samuel Cartwright ya rubuta cewa bayin da ke tsere wa iyayengijinsu wata cutar ƙwaƙwalwa ce ke damunsu, har ya sa bulala cikin magungunanta. Yau kowa yana ganin wautar wannan magana. Likitan ya duba mai gudu, ya ƙi duban bautar da ake guje wa.

A 1968 Ƙungiyar Likitocin Ƙwaƙwalwa ta Amurka ta sa gudun yara daga gida cikin littafinta na cututtukan hankali. Ta siffanta irin waɗannan yara da cewa matsorata ne, hankalinsu bai nuna ba, suna jin an ƙi su a gida, suna ganin ba su isa kome ba, kuma ba su da abokai. Da aka sake buga littafin a 1980 sai aka cire gudu daga zama cuta mai zaman kanta. Kafin nan, a 1974, majalisar ƙasar ta yi doka ta ba da kuɗi a buɗe gidajen saukar yara masu gudu, maimakon a kulle su tare da masu laifi.

Daga baya wasu masana biyu, Les Whitbeck da Dan Hoyt, suka yi hira da matasa sama da 600 da suka bar gida a jihohi huɗu na Amurka, suka buga sakamakon a 1999. Sun kuma yi hira da iyayen wasu daga cikinsu. Abin lura shi ne, iyayen da kansu sun tabbatar da yawancin abin da yaran suka faɗa: ƙarancin kulawa, ƙarancin nuna ƙauna, da yawan tashin hankali a gida. Ashe Bahaushe ya riga su gani, da ya ce abin da ya koro ɓera ya faɗa wuta ya fi wutar zafi.

Saboda haka idan muna maganar halin yaro mai gudu, kada a ɗauka akwai wani irin mutum da aka haifa da gudu a jininsa. Hali ne ke gamuwa da matsi. Inda matsin ya yi yawa, ko yaro mai haƙuri yana iya fita. Inda halin yake da rauni, ƙaramin matsi ma ya isa.

Abin da ke faruwa a shekarun balaga

Kafin mu zo kan masu gudu, ya kamata mu san abubuwa huɗu da kowane matashi yake fama da su.

Na ɗaya, neman sanin kai. Masanin nan Erik Erikson ya kasa rayuwar mutum mataki takwas a 1950. Ya ce aikin mataki na biyar, wato shekarun balaga, shi ne mutum ya sami amsar wannan tambaya: ni wane ne, ina ne kuma wurina? Yaron da kullum ake ce masa "ba ka da amfani" zai nemi wata amsa a wani wuri, ko da a tasha ne.

Na biyu, ƙwaƙwalwa ba ta gama girma ba. Hotunan ƙwaƙwalwa da likitoci irin su Jay Giedd suka bi shekara da shekaru, suka fara bugawa a 1999, sun nuna cewa sashen gaba, wanda ke bayan goshi, shi ne yake nuna daga ƙarshe. Wannan sashe shi ke auna abin da zai biyo baya, shi ke kuma tsai da mutum kafin ya aikata. Ba ya kammala sai mutum ya haura shekara 20. Sashen da ke ta da fushi da tsoro da marmari kuwa yana aiki da ƙarfi tun farkon balaga. Matashi kamar mota ce mai sabon inji amma ba a gama ɗaura mata birki ba.

Na uku, ganin kowa yana kallonsa. David Elkind ya bayyana a 1967 cewa matashi yakan ji kamar dukan jama'a sun zuba masa ido. Abin kunyar da babba zai manta bayan mako ɗaya, shi a wurinsa duniya ce ta tashi. Elkind ya ƙara da cewa matashi yakan ɗauka shi dabam ne: ba wanda ya taɓa shan irin wahalarsa, kuma masifar da ta sami wasu shi ba za ta same shi ba. Wannan ne yake sa yarinya ta shiga motar dare zuwa garin da ba ta san kowa ba, ba ta jin tsoro.

Na huɗu, ƙarfin abokai. A 2005 Margo Gardner da Laurence Steinberg suka sa mutane wasan tuƙin mota a kwamfuta, wasu su kaɗai, wasu a gaban abokansu. Manya ba su sake hali sosai ba. Matasa kuwa, da abokai suka tsaya a kansu, sai kasadarsu ta ƙaru ƙwarai. Shi ya sa sau da yawa yara biyu ko uku suke ɓacewa tare, alhali ba ɗayansu da zai iya tafiya shi kaɗai.

Halayen da suka fi bayyana ga masu gudu

Duk matasa suna da abubuwan nan huɗu, amma yawancinsu suna wuce wannan lokaci lafiya. Ga halayen da ake yawan samu ga waɗanda suke kai ga gudu. Ba lalle ne a same su duka ga yaro ɗaya ba.

1. Raina kai. Yaron yana ganin shi kaya ne a kan iyalinsa. Idan aka yabe shi ba ya yarda, idan aka kushe shi sai ya ce dama haka yake. Irin wannan yaro yakan gaya wa kansa cewa idan ya tafi kowa zai huta.

2. Gaggawar yanke shawara. Gudu da yawa ba a shirya su. Ana faɗa da yamma, da asuba yaro ya fita da rigar jikinsa, ba kuɗi, ba sanin inda za shi. Wanda yake da wannan hali za ka ga alamarsa tun a aji: yana amsawa kafin a gama tambaya, yana kai hannu kafin ya yi tunani, daga baya ya yi da na sani.

3. Kauce wa matsala. Wasu yara idan abu ya dame su sukan nemi babba su faɗa masa. Wasu kuwa hanyarsu ita ce ɓuya. Ranar gwaji sai ciwon ciki ya tashi. Idan ya ɓatar da littafi sai ya daina zuwa ajin wannan malami. Gudu daga gida shi ne babban wan wannan ɗabi'a. Yaronmu na aji uku a nan yake: shirunsa da muka ɗauka ladabi ne, ashe rashin sanin yadda zai faɗi damuwarsa ne.

4. Rashin amincewa da manya. Yaron da ya taɓa kai ƙara aka ƙaryata shi, ko ya faɗi asirinsa aka tona, yakan kulle bakinsa. Haka ma wanda aka yi ta yawo da shi daga hannun kaka zuwa gwaggo zuwa kawu. Likitan nan na Ingila, John Bowlby, ya nuna tun 1951 cewa yaro yana bukatar mutum tsayayye da zai shaƙu da shi. Wanda bai sami wannan ba, barin gida ba ya yi masa wuya, domin ba igiyar da ta ɗaure zuciyarsa a can.

5. Jin ba shi da iko a kan kome. Akwai yaron da ya gaskata cewa ko ya yi ƙoƙari ko bai yi ba, dukan da zai sha ɗaya ne. Ba a tambayarsa ra'ayi a kan makaranta, ko sana'a, ko aure. A wurin irin wannan, ranar da ya gudu ita ce ranar farko da ya yanke wa kansa shawara.

6. Baƙin ciki mai daɗewa. Wannan ciwo ne na gaske, likitoci suna maganinsa. Ga matasa ba kullum yake zuwa da kuka ba. Yakan zo da saurin fushi, rashin barci ko yawan barci, ƙin abinci, da janyewa daga wasannin da yaro yake so a da. Bincike a ƙasashe dabam dabam ya nuna wannan ciwo, da tunanin kashe kai, sun fi yawa ga matasa masu gudu fiye da tsararsu da ke gida.

7. Fushi da taurin kai. Wannan ne kowa yake gani, shi ne kuma yake sa a ce yaro ya gagara. Gaskiya ne akwai yara masu wuyar bi, masu ƙarya da ɗauke-ɗauke da faɗa. Amma ruwa ba ya tsami banza. Sau da yawa fushin da ake gani a waje, tsoro ne ko kunya a ciki.

Adalci ne kuma mu faɗi wani gefen. Ba dukan halayen mai gudu ne raunana ba. Yarinyar da ta fita daga gidan da ake lalata da ita, ta je wurin ƙanwar mahaifiyarta, ƙarfin zuciya ta nuna, hankalinta kuma lafiya lau yake. Da yawa cikin masu gudu suna da dabara, da jimiri, da son tsayawa da ƙafafunsu. Idan aka sa waɗannan baye-baye a hanya mai kyau, sukan zama mutanen kirki.

Abin da ke hura wutar a gida da makaranta

A 1966 wata masaniya mai suna Diana Baumrind ta kasa iyaye gida uku. Akwai masu tsanani, waɗanda dokarsu ba tambaya ba bayani. Akwai masu sakaci da horo, waɗanda yaro yake yin abin da ya ga dama. Akwai kuma masu haɗa doka da ƙauna, suna kafa iyaka, suna faɗin dalili, suna kuma sauraro. Daga baya wasu masana suka ƙara kashi na huɗu, wato iyayen da ba ruwansu, ba horo ba kulawa. Bincike ya yi ta nuna cewa yaran kashi na uku sun fi natsuwa. Darasin a nan shi ne, horo ba ya korar yaro. Horon da ba ƙauna a cikinsa, shi ke kora.

Wannan ya shafe mu a nan ƙasar. A 2014 Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, tare da taimakon UNICEF, ta yi bincike a kan cin zarafin yara a Nijeriya. An gano cewa yara shida cikin goma sun gamu da wani irin cin zarafi kafin su cika shekara 18. Yarinya ɗaya cikin huɗu da yaro ɗaya cikin goma an ci zarafinsu ta hanyar lalata. Yawancin masu yin haka mutane ne da yaran suka sani, kuma 'yan kaɗan ne ƙwarai cikin yaran suka sami taimako. Wanda ya riƙe wannan lissafi a zuciyarsa ba zai yi saurin cewa duk yarinyar da ta bar gida lalacewa ta yi ba.

Mun kuma san sauran abubuwan da kan tura yara waje a wurarenmu: zaman kishi da yake faɗa wa 'ya'ya, riƙon da ya zama bauta, maye na uba, nuna bambanci tsakanin 'ya'ya, cikin da yarinya ta ɗauka tana tsoron a sani, da kuɗin makarantar da yaro ya kashe ya rasa yadda zai yi. Makaranta ma tana da nata rabo. Zaluncin manyan ɗalibai a ɗakin kwana, da malamin da yake kunyata yaro a gaban aji, sun isa su sa yaro ya tsallake shinge. A wannan zamani an sami ƙarin wata ƙofa, wato wayar hannu. Baƙon da yaro bai taɓa gani ba yana iya shafe watanni yana yi masa daɗin baki a Facebook ko WhatsApp, har ya aiko masa da kuɗin mota.

Abin da waje yake yi wa hali

Whitbeck da Hoyt sun nuna cewa zaman titi yana ƙara rura raunin da yaro ya fito da shi. Wanda ya fito ba ya amincewa da manya zai gamu da manyan da za su cuce shi, sai rashin amincewarsa ya ƙaru. Wanda ya fito da baƙin ciki zai sami masu miƙa masa wiwi ko sholisho ko ƙwaya don ya manta. Yunwa takan kai ga sata, neman wurin kwana yakan kai 'yan mata, har da samari, hannun miyagu. Masu fataucin mutane ma irin waɗannan yara suke nema, shi ya sa aka kafa hukumar NAPTIP a 2003 don yaƙi da su. An gudu ba a tsira ba ke nan.

Saboda haka kowace rana da yaro ya ƙara a waje, dawo da shi yana ƙara wuya. Kada iyaye su ce, "Bar shi, yunwa za ta koro shi." Kada kuma kunyar mutane ta sa a ɓoye. A ranar da aka rasa shi a sanar da 'yan'uwa, da makaranta, da mai unguwa, da 'yan sanda, a kai hotonsa wurin shugabannin tasha, a kuma tambayi abokansa da lallashi, domin sau da yawa ɗayansu ya san wani abu.

Alamomin da za mu lura da su

Shiru ma magana ce. Ga wasu alamomi da kan riga gudu:

Sakamakon yaro ya faɗi farat ɗaya ba da wani dalili a fili ba. Ya fara fashin aji ko makara wajen dawowa gida. Ya sake abokai, musamman idan sababbin sun girme shi. Yana ɓoye kuɗi ko tufafi, ko yana sayar da kayansa. Yana tambayar kuɗin mota zuwa wani gari. Idan hutu ya gabato sai jikinsa ya mutu, yana neman abokin da zai bi gida. Yana faɗin maganganu irin su, "Wata rana za ku neme ni ku rasa." Idan kuwa maganar ta kai ga ambaton mutuwa, kada a ɗauke ta wasa ko a ce neman kulawa ne. A zauna da shi ran nan, a kai shi asibiti.

Abin da ya rataya a wuyanmu

Ga iyaye: mu yi hankali da barazanar da ba mu nufi cikawa ba. Babba ya san magana ce ta fushi, yaro kuwa yana ɗaukarta hukunci. Mu hori laifi ba tare da mun kushe mutumcin yaro ba. "Abin da ka yi bai dace ba" dabam ne da "kai ba ka da amfani." Mu kuma sa 'ya'yanmu su sani, tun kafin wani abu ya faru, cewa ba laifin da zai rufe musu ƙofar gida.

Ga malamai: yaro mai surutu ba ya ɓace mana, mai shiru ne muke mantawa da shi. Kowane malamin aji ya san wanda yake riƙon kowane ɗalibinsa. Kafin a miƙa wa yaro mummunan sakamako, a zauna da shi, in ya yiwu a riga shi isa wurin iyayensa da magana.

Ga ɗalibai: idan abokinka ya gaya maka zai gudu, ya ce ka rufa masa asiri, wannan ba asirin rufewa ba ne. Ka gaya wa malamin da ka amince da shi. Gara ya yi fushi da kai mako ɗaya da ka yi ta nemansa shekara goma. Kai kuma da zuciyarka take raya maka tafiya, ka ba kanka kwana ɗaya, ka faɗa wa babba guda. Idan na farko bai saurare ka ba, ka je wurin na biyu. Idan gida ya zama wurin cuta, akwai hanyar fita da ba ta bi ta tasha ba: dangi, malami, fasto, ko ofishin jin daɗin jama'a. Dokar Kare Haƙƙin Yara ta 2003 ta ba duk wanda bai kai shekara 18 ba haƙƙin a kare shi daga cin zarafi.

Ranar dawowa

Ranar da yaro ya dawo ita ce ranar da ake yanke ko zai sake gudu. Idan aka tarye shi da bulala, an tabbatar masa da abin da ya kore shi. A fara ba shi ruwa da abinci, ya yi wanka, ya yi barci, a duba lafiyarsa. Tambaya ta biyo baya. A Ingila, ƙa'idar da gwamnati ta fitar a 2014 ta ce duk yaron da ya dawo a ba shi damar magana da wani mutum dabam, wanda ba shi ne mai riƙonsa ba, cikin awa 72. Hikimar a fili take: yaro ba zai faɗi abin da ya kore shi a gaban wanda ya kore shi ba. Mu ma muna da masu iya wannan aiki, ko kawu, ko dattijuwa a zumuntar mata, ko malamin ba da shawara. Idan kuwa aka gano ana cutar da yaron a gida, ba daidai ba ne a mayar da shi hannun mai cutar da shi don a rufe maganar.

Kammalawa

Yaronmu na aji uku ya maimaita ajin. Mahaifinsa da kansa ya kawo shi ranar buɗe makaranta, ya ɗauko masa akwati har ɗakin kwana. Ya gama makaranta, yau yana da nasa iyalin. Halinsa na shiru bai sake ba, har yanzu ba mai yawan magana ba ne. Abin da ya sake shi ne, mu da mahaifinsa mun koyi tambayarsa tun kafin abu ya yi nisa. Ɗa na kowa ne. Allah ya ba mu idon gani da kunnen ji.

Tambayoyi domin nazari

1. Cikin halaye bakwai da aka jera, wanne ne ya fi wuyar ganewa a aji, kuma don me?
2. Mene ne bambanci tsakanin horon da ke gyara yaro da horon da ke korarsa?
3. Idan abokinka ya ce ka rufa masa asirin shirinsa na gudu, me za ka ce masa?
4. A gidanku, ko a makarantarmu, wa yaro zai iya zuwa wurinsa da labarin da yake jin kunyarsa?